Halal a Garin Musulmi: Shawarar Kwana Uku na Abinci da Ziyarar Masallatai



An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani a kan wata shawara da muka daɗe muna juyawa a tsakaninmu, watau a keɓe ƙarshen mako guda, daga Juma'a zuwa Lahadi, a gayyato iyalai daga Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye, a ci abinci tare, sa'an nan a zaga masallatan garin nan da mata da yara. Tun kafin mu tsaya a gabanku mun ji abin da waɗansu ke faɗi, kuma gara mu fara da shi. Sun ce wannan ai kwaikwayon Turai ne. Wa ya taɓa jin bikin abincin halal a ƙasar Zazzau? Naman da ke kan teburin mahauci a kasuwar Samaru, in ba Musulmi ba, wa ya yanka shi?

Masu wannan magana suna da rabin gaskiya. Lalle abin daga can ya fito. A birnin Landan an fara bikin abincin halal a 2013. A 2015 Majalisar Musulmin Birtaniya ta soma ware rana guda a shekara wadda masallatai ke buɗe ƙofofinsu ga maƙwabta. Musulmin Jamus sun riga su, gama tun 1997 suke yin haka kowace ranar 3 ga Oktoba. Dalilinsu kuwa a fili yake. Mutumin da ke zaune cikin jama'ar da ba addininsu ɗaya ba, dole ya karanta bayan kowane kwali kafin ya ba ɗansa alewa, don kada a ce da sinadarin da aka tatso daga fatar alade aka daskarar da ita. Ko a ƙasar da Musulmi suka fi yawa abin yakan faru: a farkon 2001 an yi babbar hayaniya a Indunusiya sa'ad da majalisar malaman ƙasar ta bayyana cewa an yi amfani da wani abu mai asali da alade wajen sarrafa sinadarin ɗanɗano na Ajinomoto, har aka janye kayan daga kasuwa.

To, mu tamu matsalar daban ce, kuma a ganinmu ta fi tasu wuyar ganewa, domin mun saki jiki. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san sharuɗɗan yanka a mazhabar Malikiyya: a yi niyya, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ta gaba, kada a ɗaga wuƙa sai an gama. Mahautanmu sun san wannan tun suna yara, sun gaje shi, kuma suna da Sarkin Fawa da ke tsawata musu. Ba nan gizo ke saƙa ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 168, an haɗa kalmomi biyu wuri ɗaya, halal da ɗayyib, watau abin da ya halatta kuma yake mai kyau, mai tsabta, marar cutarwa. Mun riƙe ta farko da hannu biyu, ta biyun kuwa mun bar ta a bakin kwata.

Bari mu bi abincin rana guda na wani gida a Samaru ko a Muciya. Uwargida ta aika aka sayo wake. Da yawa daga cikin masu ajiyar wake suna yayyafa masa maganin ƙwari mai ƙarfi, irin wanda aka sani da sunan Sniper, don gudun kada ya huje kafin farashi ya tashi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa. Sai mu tambayi kanmu: waken da Bature ya mayar, ina ya tafi? Shi ne ƙosanmu na safe, shi ne alalarmu. An sayo ayaba da mangwaro sun yi jawur, alhali waɗansu da kabayid aka nuna su, wannan farin dutse da masu walda ke jiƙawa. An sayo ganda, kuma a mayanka da dama a ƙasar nan da tsofaffin tayoyin mota ake babbake fata da ƙafafu, hayaƙin ya ratsa abin da za a jefa a tukunya. Burodi kuma, hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sa masa sinadarin buromet mai kumbura shi, amma har yanzu takan yi gargaɗi a kai, alamar ba a daina ba ke nan. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya ƙunshi alade ko giya. Duk da haka wane uba ne zai ga yadda aka yi su da idonsa, sa'an nan ya ce wa 'yarsa bisimilla?

Batun nama ya fi tsawo. Saniya tana iya ɗauke da tarin fuka, ko ciwon hanta, ko ƙwayayen tsila a cikin tsokarta, a yanka ta bisa dukan sharuɗɗa, yankan ya inganta, amma mai ci ya kwanta. Makiyayi ya ga dabbarsa ta langaɓe, ya yi mata allura yau, gobe ya kai ta kasuwa don kada ta mace a hannunsa, maganin bai bar jikinta ba. Akwai kuma yanka shanu masu ciki, wanda asara ce ga garken ƙasa baki ɗaya. Hukuncin kowane ɗaya daga cikin waɗannan na malamai ne, mu ɗalibai ba mu isa ba da fatawa ba. Abin da muka isa shi ne mu ce a gari ɗaya ake da masu sanin hukunci da masu sanin cuta, amma ba safai suke zama kan tabarma ɗaya ba.

Ku dubi abin da Allah ya tara mana a nan. Tashar binciken aikin gona ta Samaru an kafa ta tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, kuma daga cikinta ake fitar da irin dawa da masara da gyaɗa da wake masu ɗauke da sunan Samaru. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wadda ta fitar da kajin nan da ake kira Shika Brown. Muna da tsangayar likitancin dabbobi, ɗalibanta sun san hanyar mayankar Zango kamar yunwar cikinsu. A Kongo akwai cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Amma mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar jami'a ba ta taɓa jin cewa akwai buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, kuma ya shigo ƙasashenmu tun wajen 2007. Ilmin yana cikin shinge, cutar tana waje.

Saboda haka abin da muke nufi da bikin abinci ba taron tanɗe-tanɗe ba ne kawai, ko da yake ba za mu yi ƙaryar cewa ba za a ci daɗi ba. Za a yi fate, domin Bazazzagi ba zai yafe mana ba in aka yi taro a ƙasarsa babu fate da rama, kome dariyar da Kanawa za su yi. Za a yi waina da miyar taushe, da ɗanwake, da tsire da balangu, da fura da nono. 'Yan'uwanmu Yarabawa da Nufawa da Igbira na Sabon Gari su zo da amala da sakwara da nasu miyar. Sharaɗi ɗaya muke roƙo: duk mai rumfa ya yarda a tambaye shi. Ina ka sayo namanka, wa ya duba shi, da me aka babbake gandar, an tafasa madarar kafin a kwana da ita? Kusa da rumfunan kuma a kafa teburi, ɗalibin likitancin dabbobi ya ajiye hanta mai lafiya da marar lafiya, uwaye su gani su taɓa. Malamin fiƙihu ya zauna gefensa, Sarkin Fawa ko wakilinsa ya zauna ɗaya gefen. Kada a mai da mahauta abin tuhuma. Mutumin da ba a ba shi ruwan famfo a kwata ba, ba a ba shi wutar babbaka mai tsabta ba, ba shi kaɗai ne mai laifi ba in ya ɗauko taya.

A nan ne muke juyowa gare ku, yayyenmu ma'aikata. Kakanninmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in aka ce ya shigo unguwa kowace mace sai ta leƙa randarta. Yau ofishin yana nan a takarda, kuma waɗansunku ne ke zaune a cikinsa. Mun san uzurinku, babu mota, babu mai, babu kayan gwaji. Amma mudu da sikeli ba sa bukatar kayan gwaji. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, kuma mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki yana nan a kasuwanninmu, kowa yana gani. Hatsin da aka saya da kuɗin halal aka auna da mudun ha'inci, wa ya ci haram a ciki? Muna so ranar Asabar ɗin a zo da mudu na gaskiya a ajiye a tsakiyar fili, kowace uwargida ta zo da nata ta gwada.

Sai batun masallatai, wanda shi ne ya fi jan hankalinmu.

Ɗalibi yakan yi shekara huɗu ko biyar a Samaru, ya san hanyar Kwangila da tashar mota, ya karɓi takardarsa ya tafi, bai taɓa shiga Ƙofar Doka ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka aka tsara garin. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan mulki suka yanka wa ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu Sabon Gari, suka ba baƙi 'yan arewa Tudun Wada, suka bar birni ga masu shi, su kuma suka keɓe kansu a nasu wurin. Daga baya Samaru ta tsiro a gefe saboda gona da makaranta. Turawa sun tafi tun 1960, amma layukan da suka ja suna nan cikin zukatanmu. Yaron da aka haifa a Sabon Gari yana ganin birni wata ƙasa ce; ɗan birni kuma an raine shi a kan cewa Sabon Gari wurin giya ne da sharholiya, bai san cewa akwai Musulmi a can da kakanninsu suka gina masallatai da makarantu tun zamanin reluwe ba.

Motar da za ta ɗauki iyalai daga Samaru ta bi ta Palladan da Kwangila, ta ratsa Sabon Gari da Tudun Wada, ta shiga birni har ƙofar fada. A can ne Sarkin Zazzau Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya sa Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a. Da tubali da ƙasa da azara ya gina shi, babu siminti, babu ƙarfe. Ya ɗaga ginshiƙai masu kauri, ya tayar da bakan gizo daga jikinsu, yana jera azara bisa azara kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta har suka haɗu a sama suka ɗauki tulluwa. Jikin ginshiƙan kuma ya yi musu zane mai zurfi da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Masana gini na duniya sun sa wannan masallaci cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ginawa da ƙasa a Afirka. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna shi ya zana shi, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos an gina kwatankwacinsa. Labarin baka yana cewa wani sarki ya sa aka kashe Babban Gwani bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, unguwa guda a cikin birni tana amsa sunansa har gobe.

A cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta kan masu salla, mutum aƙalla bakwai suka rasu, da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana a lokacin cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana guda kafin abin ya auku, ana shirin kawo masu gyara. Gini na ƙasa yana da ladabinsa: yana son yaɓe kafin damina, yana son indararo mai aiki, yana son magini da ya san numfashinsa. Magina irin waɗannan suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo. Mu kuwa muna da sashen koyon zanen gine-gine a nan Samaru. In aka kai yara wurin, a riƙe hotuna da zane-zanen tsohon ginin a nuna musu, a nemi dattijo daga zuriyar magina ya yi musu bayanin yadda ake ɗaurin guga, a gaya musu abin da ya faru a 2023 ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Daga nan a wuce Unguwar Juma da Kona, inda zaurukan karatu suka yi suna tun kafin a yi tunanin jami'a.

Akwai wata katanga kuma wadda ba Bature ne ya gina ta ba. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gardama tsakaninta da 'yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya ta raba masallatai, ta raba unguwanni, wani wuri ma ta raba gida ɗaya. Mun taso mun tarar da yara da suka san masallacin da babansu ya hana su shiga tun kafin su san farillan alwala. Ba mu ce kwana uku za su warware abin da malamai suka yi shekaru suna kai ruwa rana a kansa ba, kuma ba za mu shirya muƙabala ba, an yi isassu. Abin da muke so ƙarami ne: a je masallacin wannan a gaishe da liman, ya ba da tarihin wurin, a sha ruwa, a wuce na wancan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ya bi salla a wani wuri ba, babu mai tilasta shi. Ya dai shiga ya ga cewa alƙibla ɗaya ce.

Da muka ce iyalai, da mata muke nufi, kuma a nan za a sha kunya. Yawancin masallatan unguwa ba su da wurin mata, inda akwai kuma sau da yawa wani lungu ne mai duhu bayan ma'ajiyar tabarmi, babu wurin alwala, babu makewayi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ba baƙon abu muka kawo ba. Muna roƙon 'yan'uwanmu mata na Amina da Ribadu su riga kowa zuwa kowane masallaci da ke cikin jerin, su duba, su faɗa wa kwamitinsa abin da ake bukata. In ziyarar ba ta haifar da kome ba sai labule mai tsabta da famfo guda a masallatai biyar, ba mu yi asarar kuɗin mota ba.

An tambaye mu game da maƙwabtanmu Kirista, waɗanda muke zama ɗaki ɗaya da su a Suleiman da Danfodiyo, muke kuma sayayya a shagunansu a Sabon Gari. Garin nan bai manta da watan Maris na 1987 ba, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona coci-coci, haka kuma bai manta da tarzomar bayan zaɓen 2011 ba. Shigar wanda ba Musulmi ba cikin masallaci mas'ala ce da mazhabar Malikiyya ta tsananta a kanta fiye da waɗansu, saboda haka ba za mu kwafo tsarin Jamus yadda yake ba. Kowane liman shi zai faɗi iyakar da za a tsaya a masallacinsa. Amma filin abinci ba shi da wannan takura. Gubar wake ba ta tambayar addinin mai ci. A gayyace su ranar Lahadi da yamma bayan sun taso daga coci, su zo da iyalansu.

Abu guda ya rage wanda ba mu so a bar shi sai ranar. Duk inda aka ɗora tukunya a garin nan almajirai za su zo, su tsaya bayan igiya da robobinsu. In muka tara 'ya'yanmu a ciki suna koyon bambancin halal da ɗayyib, masu gadi kuma suna korar 'ya'yan wasu da bulala a waje, gara ba a yi taron ba. Shawararmu ita ce a je wa malaman tsangayun Samaru da Hayin Dogo tun da wuri, a gayyace su da ɗalibansu kamar kowane iyali, a sa kasonsu cikin lissafi tun farko, su zauna a ci da su, ba sauran kwano ba.

Game da kuɗi, ba za a karɓi ko kwabo a bakin ƙofa ba. Masu rumfa su biya ɗan abin da za a yi hayar motoci da shi, gidajen da suka iya su zo da kwanonsu, ragowar kuma mu nema wurin tsofaffin ɗalibai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, hatsi ya shigo, ruwa ya ɗauke, kuma ba a cikin makon jarrabawa ba. Muna bukatar mutum uku daga likitancin dabbobi, biyu daga zanen gine-gine, biyu daga Kongo, da 'yan'uwa mata aƙalla huɗu, da wani ɗan birni wanda zai yi mana iso a fada da wurin limamai. Takarda tana bakin ƙofa wurin sakatare, wanda ya yarda ya rubuta sunansa da sashensa kafin ya fita.